Yadda Maganin Ciwon Daji Ya Tona Asirin Kaska

A watan Fabrairun 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta ba da izinin amfani da wani sabon maganin ciwon dajin hanji mai suna cetuximab, wanda kamfanin ImClone ya ƙirƙiro, ake kuma sayar da shi da sunan Erbitux. Ta jijiya ake ɗura shi, kamar ƙarin ruwa. A gwajin da aka yi kafin ba da izinin, kimanin mutum 3 cikin 100 ne jikinsu ya yi mummunan bori da maganin. Likitocin daji suna iya haƙuri da irin wannan adadi, don cutar da suke fama da ita ta fi shi muni nesa ba kusa ba.

Da maganin ya bazu a asibitoci, sai wani abu ya ɓullo wanda takardar kamfanin ba ta ambata ba. A Boston da New York ana sa wa mutane shi lami lafiya. A jihohin Tennessee da North Carolina da Arkansas da Missouri da Virginia kuwa, ana rataye leda, ruwan ya fara sauka, kafin a je ko'ina majinyaci ya kama susa, fatarsa ta yi rudu-rudu, leɓe da harshe su kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi warwas. Wannan ne likitoci ke kira anafilaksis, ƙololuwar borin jiki, wanda kan kashe mutum cikin mintuna idan ba a yi hanzarin allurar adirenalin ba. A 2006 wani majinyaci ya rasu ta wannan hanya a garin Bentonville na Arkansas. A 2007 Dokta Bert O'Neil na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa suka fitar da ƙididdiga: cikin majinyata 88 da suka bi diddiginsu a Tennessee da North Carolina, kashi 22 cikin 100 sun yi bori mai tsanani, alhali a arewa maso gabashin ƙasar abin bai kai kashi 1 ba. Magani ɗaya ne, daga masana'anta ɗaya, amma a nan ya zauna lafiya da jikin mutane, a can ya nemi ransu.

Abin da ya fi ɗaure wa likitoci kai shi ne a karon farko borin yake zuwa, ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa da maganin ba. Wannan ya saɓa wa ƙa'idar da aka koya musu tun suna ɗalibai, ƙa'idar da ta haura shekara 100 a duniya. A 1901 Yariman Monako, Albert na Ɗaya, mai sha'awar binciken teku, ya ɗauki wasu masana biyu 'yan Faransa, Charles Richet da Paul Portier, a jirgin ruwansa don su nazarci dafin wata halittar teku mai harbi. Da suka koma Faris suka ci gaba da aikin a kan karnuka, suna yi musu allurar dafi kaɗan da niyyar jikinsu ya saba, kamar rigakafi. Wani kare mai suna Neptune ya karɓi allurar farko bai ko girgiza ba. Bayan 'yan makonni aka ƙara masa ɗan kaɗan, ya faɗi, bai cika rabin awa ba ya mutu. Sun wallafa wannan a 1902, Richet kuma ya samu kyautar Nobel a kansa a 1913. Daga baya, a tsakanin 1966 da 1967, Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko a Denver, da wasu masana biyu a Uppsala ta ƙasar Suwidin, suka gano makamin garkuwar jiki da ke haddasa borin, wanda aka raɗa wa suna IgE. Haɗuwar farko ce ke sa jiki ya ƙera wannan makami, ta biyu kuma ita ke tayar da shi.

Daga nan likitoci suka riƙe abubuwa uku tamkar karatun allo. Sai jiki ya taɓa haɗuwa da abu kafin ya yi bori da shi. Abin da yake bori da shi furotin ne, kamar na gyaɗa ko ƙwai ko kifi. Borin kuma nan take yake zuwa, cikin mintuna, in ya daɗe awa ɗaya ko biyu. Ƙa'idoji ne masu kyau, sun ceci rayuka da yawa. Amma duk ukun sai da wannan labari ya girgiza su.

Maganar ta kai ga Farfesa Thomas Platts-Mills na Jami'ar Virginia, haifaffen Ingila, wanda ya yi suna tun da daɗewa kan binciken ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaka da alaƙarsu da ciwon asma. Wata likita a Bentonville, Tina Hatley, ta taɓa aiki tare da shi, tana cikin waɗanda suka jawo hankalinsa. A Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville kuma Dokta Christine Chung tana da jinin majinyata da aka ɗiba aka adana tun kafin a sa musu maganin. Wannan jini shi ne ya warware kashin farko na matsalar. Cikin mutum 25 da suka yi bori, 17 suna ɗauke da IgE mai kama cetuximab tun kafin digo ɗaya ya shiga jijiyarsu. Cikin 51 da ba su yi bori ba, mutum ɗaya tak ke da shi. Da aka gwada jinin lafiyayyun mutane, sai aka samu wannan IgE a jikin 15 cikin 72 a Tennessee, amma 2 kacal cikin 341 a Boston. Ashe wani abu a yankin ya riga ya shirya jikin mutane, maganin ya zo ne kawai ya tarar da wuta a rufe da toka.

Masanan ImClone suka tsattsage maganin don a ga ainihin inda IgE ke kamawa, sai ya kasance ba furotin ba ne. Wani ɗan guntun sukari ne da ke maƙale a jikinsa, ƙwayoyin galaktos biyu da aka ɗaura ta wata hanya ta musamman, ana kiransa alfa-gal. Ya shiga maganin ne saboda a cikin ƙwayoyin halittar ɓera ake renonsa, ɓera kuma yana da wannan sukari a jikinsa. Da aka reni maganin a wasu ƙwayoyin da ba sa liƙa sukarin, IgE na majinyatan bai kula shi ba. An wallafa wannan a mujallar New England Journal of Medicine a watan Maris na 2008.

Alfa-gal ba baƙo ba ne ga masana. Yana jikin saniya da rago da akuya da raƙumi da doki da alade da barewa, kusan duk dabbar da ke shayar da ɗanta nono. Mutum ba shi da shi, haka ma biran Afirka da na Asiya. Kaza da sauran tsuntsaye ba su da shi, naman kifi ma haka. Tun a 1984 wani masani mai suna Uri Galili ya nuna cewa kowane ɗan Adam yana yawo da makaman garkuwa masu adawa da wannan sukari, har sun kai kimanin kashi 1 cikin 100 na makaman da ke jininsa, kuma su ne ke sa jikin mutum ya ƙi gaɓar dabba nan take idan aka dasa masa. Sai dai waɗannan wani nau'i ne daban, ba sa hana kowa cin nama. Tambayar ita ce me ya sa jikin wasu mutanen kudu maso gabashin Amurka ya koma ƙera nau'in IgE, mai tayar da bori.

An zargi tsutsar ciki, an zargi funfuna, an zargi ƙurar furanni. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin Platts-Mills, Jake Hosen, ya zauna yana duba taswirorin cututtuka na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ta yi daidai da jihohin da borin ya yi yawa. Wadda ta dace ita ce ta wani zazzaɓi mai fesowar ƙuraje da ake kira zazzaɓin Rocky Mountain, wanda kaska ke yaɗawa. Kaskar da ta cika wannan yanki kuwa ita ce wadda Amurkawa ke ce wa lone star, masana kuma Amblyomma americanum, mai farin ɗigo guda a bayan macen. Ba ta jiran mutum ya goge ta a ciyawa, biyo shi take yi, 'ya'yanta kuma ƙanana ne ƙwarai, suna hawa ƙafa da yawa a lokaci guda. Hausawa na cewa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. An shiga neman laifin magani a masana'anta, aka ƙare a jeji.

A daidai wannan lokaci wasu mutane na zuwa asibitin Jami'ar Virginia da wani koke wanda ba shi da gurbi a littafi. Magidanta ne da matan aure, da yawansu mafarauta ko masu zama a karkara, waɗanda suka shekara talatin ko hamsin suna cin nama ba abin da ya taɓa samunsu. Yanzu kuma sai su ci naman sa ko na alade da daddare, su kwanta lafiya, can wajen ƙarfe biyu ko uku na dare su farka da ƙaiƙayi a tafin hannu, borin jini ya rufe jiki, ciki ya murɗa, wasu har su suma a banɗaki. Wasunsu da kansu suka lura cewa ranar da suka ci jan nama ne abin ke faruwa. Suna faɗa wa likita, likita ya ce ba ya yiwuwa, don borin abinci ba ya jiran awa huɗu. Da aka gwada jininsu, ga IgE na alfa-gal nan jibge. A 2009 Dokta Scott Commins da Platts-Mills suka wallafa bayanin mutum 24 da borin ke zuwa musu awa 3 zuwa 6 bayan cin nama.

Shi kansa Platts-Mills bai tsira ba. A watan Agustan 2007 ya je yawon ƙafa a tsaunukan Blue Ridge, ya dawo da 'ya'yan kaska rututu a idon sawunsa. Da yake mai bincike ne, sai ya riƙa sa a ɗebi jininsa lokaci-lokaci, yana kallon IgE na alfa-gal yana hawa. Bayan 'yan watanni ya ci haƙarƙarin rago a wata liyafa a Landan, cikin dare ya farka jikinsa duk borin jini. A 2011 shi da abokan aikinsa suka fitar da hujjar kaskar a rubuce, har da mutum uku da aka auna jininsu kafin cizo da bayansa, aka ga IgE ɗin ya ninka sau 20 ko fiye.

A nan ne labarin yake ɓata mini rai, domin ba su ne suka fara gani ba. Tun a 1989, a jihar Georgia, wata mata mai suna Sandra Latimer da Dokta Antony Deutsch sun tattara mutum 10 da ke yin bori awanni bayan cin jan nama, kuma sun lura cewa kaska ta cije su makonni ko watanni kafin abin ya fara. Sun kai wannan bayani ga ƙungiyar likitocin borin jiki ta jihar da hukumar CDC a 1991. Ba wanda ya bi sawun maganar. Kusan shekara 20 ke nan kafin takardar Virginia. A tsawon waɗannan shekaru mutane sun yi ta faɗuwa da tsakar dare, ana sallamarsu daga asibiti da cewa ba a san dalili ba, wasu ana nuna musu damuwa ce ko tsoro. Su ne suka faɗi gaskiya tun farko, littafin ne bai cika ba. Sai da abin ya taɓa magani mai tsada, wanda kamfani ke da dalilin kashe kuɗi a kansa, sannan aka saurara.

A Ostareliya ma wata likita ta riga mutanen Virginia. Dokta Sheryl van Nunen, a birnin Sidni, ta daɗe tana ganin irin waɗannan majinyata daga unguwannin arewacin birnin da ke bakin jeji, inda wata kaska mai suna Ixodes holocyclus ta yi yawa. Ita ba ta raina maganarsu ba, ta riƙa tambayar kowannensu ko kaska ta taɓa cizonsa. A 2007 ta gabatar da abin da ta gani a taron likitoci, a 2009 kuma ya fito a mujallar likitancin ƙasar: cikin mutum 25 masu bori da jan nama, 24 sun sha cizon kaska. Ita ta riƙe kaska ba ta da sukarin, mutanen Virginia sun riƙe sukarin suna laluben kaska.

Saura batun jinkirin, wanda shi ne ya ɓoye cutar tsawon lokaci. Bayanin da masana suka fi karkata a kai ya shafi kitse. Furotin na gyaɗa ko na kifi yana haɗuwa da garkuwar jiki tun daga baki da ciki. Alfa-gal na nama kuwa, wani kaso nasa a jikin maiƙo yake maƙale, shi kuma maiƙo doguwar hanya yake bi: sai hanji ya narkar da shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana, ya bi da shi ta wasu siraran magudanai na daban, sannan ya zube cikin jini bayan awanni. A lokacin ne IgE ke ganinsa. Cetuximab da ake ɗurawa kai tsaye a jijiya ba ya buƙatar wannan tafiya, shi ya sa borinsa ke zuwa nan take. Wannan kuma ya bayyana abin da majinyata suka daɗe suna faɗa, cewa nama mai kitse ya fi tayar musu da ciwon, kuma ƙoda da kayan ciki sun fi tsoka haɗari. A Faransa da Jamus, inda ake cin ƙodar alade, an ga borin yana zuwa da sauri da ƙarfi.

Ga wani abin da ke ƙara rikita lissafi: ba kullum borin ke zuwa ba. Mutum na iya cin nama yau ya kwana lafiya, ya ci irinsa mako mai zuwa a kwashe shi ranga-ranga. Giya, motsa jiki bayan cin abinci, da magungunan kashe zafi irin su asfirin da ibufurofen duk suna ƙara masa kaifi. Wasu kuma ba sa ganin komai a fata, ciwon ciki ne kawai da amai da gudawa, sai a yi ta ba su maganin gyambon ciki. Da aka fara gwajin jini na alfa-gal, wani asibiti a Tennessee ya sake duba majinyatansa masu anafilaksis, ya ga waɗanda ake rubuta wa "ba a san dalili ba" sun sauko daga kashi 59 cikin 100 zuwa 35, kuma a cikin waɗanda aka tabbatar da dalilin borinsu, alfa-gal ne ya fi kowane abu yawa.

Da ido ya buɗe, sai aka ga cutar a ko'ina. A Suwidin masana sun samu sukarin a cikin hanjin kaskar Turai a 2013. A Japan wata kaskar ce daban. A Afirka ta Kudu, masu bincike daga Jami'ar Cape Town sun je karkarar Mqanduli a lardin Eastern Cape, inda mutane suka daɗe suna cewa nama ba ya karɓarsu, suka tabbatar da cutar a jikin sama da mutum 80, da yawansu yara da mata, galibi da ciwon ciki take zuwa musu. A Amurka kuwa yawaitarta na da nasaba da barewar dajin ƙasar, wadda kaskar ke rayuwa a jikinta. A farkon ƙarni na 20 farauta ta kusa ƙarar da ita, aka kafa dokokin kariya, yau ta kai kimanin miliyan 30, tana kiwo har cikin unguwanni, kaskar kuma na biye da ita zuwa arewa.

Matsalar ba ta tsaya a tukunya ba, don asibiti cike yake da kayan da aka samo daga dabba. Akwai jelatin da ake kwanson wasu ƙwayoyin magani da shi, ake kuma sa shi a wasu alluran rigakafi. Akwai hefarin mai hana jini daskarewa, wanda ake cirowa daga hanjin alade, da marfin zuciya na saniya ko alade da ake dasa wa masu ciwon zuciya. Akwai kuma allurar maganin dafin maciji, wadda ake yi daga jinin doki ko na tunkiya, an kuma tabbatar tana ɗauke da alfa-gal. Wannan ta ƙarshe ta shafe mu, mu da kububuwa ke sarar manomanmu da makiyayanmu kowace damina. Ba dalili ba ne na gudun allurar, domin ita ce ke ceton wanda maciji ya sara, kuma abubuwan da ke sa jiki ya yi bori da ita suna da yawa. Dalili ne na yin ta a asibiti, da adirenalin a kusa da hannu. Shi ma cetuximab ana nan ana amfani da shi, sai dai takardarsa yanzu tana gargaɗi game da wanda kaska ta taɓa cizo ko wanda jan nama ba ya karɓa.

Wani reshe na labarin ya miƙe ta inda ba a zata ba. Kamfanin Revivicor a Virginia ya daɗe yana kiwon aladun da aka cire wa ƙwayar halittar da ke ƙera alfa-gal, da nufin samar da gaɓoɓin dashe. A watan Disamban 2020 FDA ta amince da su. A Janairun 2022 likitoci a Jami'ar Maryland suka dasa wa wani mutum zuciyar alade da aka yi wa gyare-gyare goma, cire wannan sukari na cikinsu, ya rayu wata biyu.

Ga mai ɗauke da cutar, abin yi bai da yawa. Ya bar naman duk dabba mai shayarwa, wasu har da madara da man shanu, ya koma kaza da kifi da ƙwai. Ya riƙa yawo da allurar adirenalin da ake cakawa a cinya. Ya kuma kiyayi sabon cizo, don kowane cizo yana sake ɗaga IgE ɗin, in kuwa aka daɗe ba a cije shi ba yakan ragu a hankali, har wasu su koma cin nama bayan 'yan shekaru da shawarar likita.

A watan Yulin 2023 hukumar CDC ta ce an samu sama da mutum 110,000 da gwaji ya nuna alamar cutar a jikinsu tsakanin 2010 da 2022, ta kuma ƙiyasta cewa ainihin adadin na iya kaiwa 450,000. A rana guda ta fitar da sakamakon tambayar da ta yi wa ma'aikatan lafiya 1,500. Kashi 42 cikin 100 ba su taɓa jin sunan cutar ba, shekara 14 bayan takardar Commins.

A bazarar 2024 wani matuƙin jirgin sama ɗan shekara 47 a jihar New Jersey ya fita shaƙatawa a daji da iyalinsa, ya ci naman sa da daddare, ya farka wajen ƙarfe biyu da murɗar ciki da amai da gudawa. Da gari ya waye ya warware, shi da matarsa suka ga ba su san abin da za su ce wa likita ba, suka bar maganar. Bayan mako biyu ya sake cin naman sa a wani taro da rana, bayan kimanin awa huɗu aka same shi a faɗe, bai tashi ba. Binciken gawa ya ce mutuwar fuju'a ce da ba a gano dalilinta ba. Matarsa ba ta gamsu ba, ta nemi a sake dubawa, har jinin ya isa ɗakin gwajin Platts-Mills, inda aka samu IgE na alfa-gal da shaidar anafilaksis mai tsananin gaske. Da aka tambaye ta batun kaska, ta ce a wannan shekarar dai ba ta ga kaska a jikinsa ba, sai wasu ƙananan cizo goma sha biyu ko sha uku a idon sawu, masu ƙaiƙayi, da suka ɗauka na wani ƙwaron ciyawa ne. A gabashin Amurka irin wannan cizo sau da yawa na 'ya'yan lone star ne. An wallafa rahoton a watan Nuwamban 2025.